Tekun da ke kwance ƙarƙashin ƙasar Sakkwato

Wani dattijo mai haƙar rijiya a Darna Sabon Gari ya taɓa miƙo mini gutsuren farin dutse, ya ce, "Ɗana, duba nan, ƙumba ce ko idona ne?" Ƙumba ce sak, har da layukan bayanta, sai dai ta zama dutse. Ya ce ya daɗe yana ganin irinta, yana mamakin abin da ya kawo halittar ruwa ƙasar da sai an sha wuya ake cimma ruwa.

Na ce masa, "Baba, ai ruwan ya riga mu zuwa." Masana duwatsu sun tabbatar da cewa wani teku marar zurfi ya taɓa ratsa Sahara, ya kwanta a kan ƙasar Sakkwato da kudancin Nijar. Har sau biyu ya shigo yana ja da baya, tsakanin kimanin shekara miliyan 70 zuwa miliyan 55 da suka wuce.

Yadda suka gane haka bai yi nisa da aikin Baba ba. Mai haƙa ya san ƙasa hawa-hawa take, kuma na ƙasa ya girmi na sama. Yashi yakan nuna bakin ruwa ko mashigar kogi. Yumɓu mai laushi ba ya kwanciya sai inda ruwa ya natsu. Jibsam, wanda ake tonowa a wajajen Dange da Wurno, yana fitowa ne inda rana ta ƙafar da ruwan gishiri. Farin dutse kuwa tarin ɓawon halittu ne da suka rayu a ruwa mai ɗumi, garau, suka mutu suka taru bisa juna. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne sunayen da aka raɗa wa waɗannan hawa na garuruwanmu ne: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina. Ɗalibin ilimin duwatsu a Ingila sai ya karya harshe ya faɗe su.

A hawan Dukamaje aka sami ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku mai dogon baki. An fara bayaninsa a 1930, sannan a 1972 masana daga Italiya suka sa masa suna Goronyosaurus, don tunawa da Goronyo. Akwai kuma kadan da aka kira Sokotosuchus, ga kunkuru, ga haƙoran kifin shak. Bayan hawan Dukamaje sai yashin Wurno ya biyo, alamar teku ya janye. Daga nan yumɓun Dange da farin dutsen Kalambaina suka hau kai, ruwa ya dawo ke nan.

Wannan dutsen ne kamfanin siminti na Kalambaina yake ƙonawa tun 1967, irinsa ne kuma ake haƙa a Malbaza, can gaba da Birnin Konni. Buhun simintin Kalambaina da ake saukewa a kasuwar Illela, ɓawon halittun tekun nan ne aka niƙa.

Abin da ke damuna, yaranmu suna tsintar irin waɗannan duwatsu suna harbin tsuntsu da su, babu wanda ya taɓa gaya musu abin da ke hannunsu. Baba dai ya karɓi dutsensa, ya jujjuya shi, ya ce zai kai wa jikansa da ke sakandare ya nuna wa malaminsu.