Ayoyin Allah A Kan Gulbi Da Dare

Godiya ta tabbata ga Allah Mahaliccin dare da rana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, masunta na Tsibiri da sauran garuruwan ƙasar Maradun da Talata Mafara da Bakura, waɗanda su ke kwana a kan Gulbin Sakkwato da tafkin madatsar ruwa ta Bakolori wadda aka gama ginawa a 1978, suna ganin abubuwan da mai barci cikin ɗaki ba ya gani. Sukan ga taurari suna faɗuwa, da ƙananan fitilu suna yawo a bakin fadama, da wani farin hayaƙi yana tashi daga kan ruwa gabanin asuba. Wani kuma ya sa hannu cikin koma, ya ji an fizge shi har kafaɗa. Abin baƙin ciki, da yawa ba su kai wannan labari wurin malami, sai wurin boka, shi kuwa ya ce 'yan ruwa ne suka yi fushi, a kawo baƙin bunsuru.

Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan yana da sababin da Allah ya sanya masa. Fitilun bakin fadama ƙwari ne masu haske a jikinsu, da shi su ke kiran juna. Farin hayaƙin kuwa tururi ne, domin a lokacin hunturu ruwa ya fi iska ɗumi da dare. Mai fizgar hannu shi ne minjirya, kifin da Allah ya ba lantarki a jikinsa don farauta da tsaron kai. Tauraro mai faɗuwa kuma ɗan tsakuwa ne daga sararin sama wanda ya ke ƙonewa idan ya shigo iskar duniya, kuma sukan yi yawa a tsakiyar watan Disamba.

Sanin sababi ba ya rage girman aya, ƙara ta ya ke yi. A ƙarshen Suratu Ali Imrana, Allah ya yabi ma'abuta hankali waɗanda su ke tunani cikin halittar sammai da ƙasa da sassaɓawar dare da rana. Masunci kuwa ya fi kowa samun wannan dama.

Amma fassara aya da camfi tsohuwar al'adar jahiliyya ce. Imamu Muslim ya ruwaito cewa wani dare tauraro ya faɗi alhali sahabbai suna zaune tare da Manzon Allah (S.A.W.). Da ya tambaye su abin da su ke faɗi a da game da haka, suka ce sukan ɗauka an haifi wani babban mutum ko ya mutu. Ya koya musu cewa ba a jefa tauraro don mutuwar wani ko rayuwarsa. Haka nan ya faɗa game da husufi ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya yi umurni da salla da addu'a. Saboda haka jan watan da aka gani a ƙasar nan daren 27 ga Yuli 2018 bai nemi kiɗan gwangwani ba, salla ya nema.

Aljannu gaskiya ne, Alƙur'ani ya tabbatar da su. Sai dai aya ta 6 ta Suratul Jinni ta nuna waɗanda suka nemi tsari wurinsu ba su ƙaru da komai ba sai wahala. Yanka kuwa ibada ce, wanda ya yi ta ga wanin Allah ya yi shirka, ya yi hasarar dabbarsa da imaninsa gaba ɗaya. Irin wannan ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta hani a kai, shi da ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara.

Don haka wajibi ne masunci ya shiga jirginsa da sunan Allah, ya riƙe azkar na maraice da Ayatul Kursiyyi, kada kuma ya bar sallar asuba ta wuce shi saboda kifi. In ya ga abin mamaki ya yi tasbihi, in ya tsorata ya nemi tsarin Allah, in ya kasa ganewa ya tambayi masu ilmi. Sarakunan ruwa da limamai su ma nauyi ne a kansu su yi wa jama'a gargaɗi.

Allah ya tsare masu neman halal a tudu da ruwa, ya sa a cika da imani. Amin.