Tsohuwar Ƙarya da Sabon Zane

'Yar'uwa, wa ya fi laifi, wanda ya ƙirƙiri ƙarya ko wanda ya ɗauke ta ya kai gidan gaba? Mu mata mun san yadda magana ɗaya a gidan biki kan kashe aure. To ina ga in al'umma guda aka yi wa?

A 1475, a garin Trent na ƙasar Italiya, an tsinci gawar wani yaro mai suna Simon. Nan take aka ce Yahudawan garin ne suka kashe shi don su yi amfani da jininsa. Sharri ne, kuma an daɗe ana yi musu irinsa a Turai. Aka gana musu azaba har suka amsa abin da ba su aikata ba, aka kashe su. Abin da ya bambanta wannan karon shi ne injin buga littafi, wanda bai daɗe da fitowa ba. Aka zana hoton yaron da wuƙaƙe a kansa, aka buga, aka watsa gari-gari. Kin san hoto ba ya bukatar karatu, ko wadda ba ta san bihim ba ta gani ta yarda. Sai a 1965 cocin Katolika ta soke girmama yaron a matsayin waliyyi. Shekara 490, jama'a!

Haka aka yi a 1903 a Rasha, aka buga wani littafin jabu, wai asirin shugabannin Yahudawa ne na mallake duniya. Jaridar Times ta Landan ta tona a 1921 cewa kwafe shi aka yi daga wani tsohon littafin da ba ruwansa da Yahudawa. Wa ya saurara? A Amurka Henry Ford mai motoci ya riga ya cika jaridarsa da shi. Da Hitler ya hau mulki a 1933 kuwa, sai aka ƙera rediyo mai araha don zancen ya shiga har ɗakin uwargida. Ƙarshenta an hallaka Yahudawa miliyan 6.

Yau ga waya a hannunmu, kuma Facebook da 'yan'uwansa abin da ya fi tayar da hankali shi suka fi turo miki, don kada ki ajiye. Wanda ya harbe mutum 11 a wurin ibadar Yahudawa a Pittsburgh a 2018, sai da ya sha irin wannan zance a intanet ya ƙoshi. Ni dai a ganina, fushi da gwamnatin Isra'ila kan Gaza daban, ɗora wa kowane Bayahude har jariri laifin jini daban. Saƙon da ake turo mana sau da yawa cakuɗa su yake yi, mu kuma babban yatsa ya danna kafin zuciya ta tambaya.

Akwai wani Bajamushe, Julius Streicher, mai jaridar Der Stürmer, wanda ya sake buga wancan sharrin na jinin yara a 1934. Kotun Nuremberg ba bindiga ta kama shi da ita ba. A kan abin da ya rubuta ya watsa aka rataye shi a 1946.