Shaho da Ƙaramin Tsuntsu: Wa Ke da Alhaki?

A birnin Alƙahira, gabas da masallacin Azhar, akwai wani lambu da aka buɗe a shekarar 2005 bisa tudun da ya yi ƙarnuka yana jujin birnin. Idan hunturu ya kama, sanyin Turai ya koro ƙananan tsuntsaye masu daɗin murya suka ƙetaro Bahar Rum, to, a irin waɗannan lambuna wasunsu ke sauka, su tarar da alhudahuda da sauran 'yan gida, masu sha'awa kuma su fito da sassafe da madubin hangen nesa suna duban su. Cikin baƙin nan akwai wanda nauyinsa bai kai giram 10 ba, amma danginsa kan zarce, su ratsa Sahara, har fadamun Haɗejiya da Nguru.

Wanda ya lizimci wannan kallo, babu shakka wata rana zai ga shaho ya faɗo daga sama ya sure tsuntsun da ya tsira daga teku da guguwa da yunwa, har zuciyarsa ta tambaye shi: ina rahama a cikin wannan? Tambayar ba ta rashin ladabi ba ce, domin tausayi ne ya haife ta, kuma tausayi abin yabo ne. Sai dai zalunci, a wurin malamai, sifa ce ta mukallafi, wato wanda aka ba hankali da zaɓi, aka kafa masa iyaka, sa'an nan ya ƙetare ta da gangan. Shaho kuwa bai da rumbu, bai da kasuwa, yunwa ke tashe shi, ƙoshi ya zaunar da shi, kuma Wanda Ya rubuta wa ƙaramin tsuntsu ajalinsa Shi Ya rubuta wa shaho arzikinsa a wannan safiyar. Shari'a ma ba ta aibanta ɗabi'arsa ba, tun da Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren mafarauci ya kamo wa ubangidansa, malaman fiƙihu kuma suka sa shaho a cikin wannan hukunci.

Abin da ya kamata ya hana mu barci yana can arewa da lambun, a gaɓar tekun Masar, inda duk kaka ake kafa taru na tsawon ɗaruruwan kilomita, tsuntsaye su iso a gajiye bayan ƙetare ruwa, su faɗa ciki miliyoyi, wanda ake nema da wanda ba a nema. Ban manta ba cewa da yawa daga masu kafa tarun talakawa ne masu neman abin sawa a baka, kuma farauta halal ce. Amma halaccinta bai halatta israfi ba, kuma amanar da ɗan Adam ya ɗauka ta haɗa har da waɗannan halittu, waɗanda Alƙur'ani ya ƙidaya su cikin al'ummomi irinmu. Shaho ba za a tambaye shi ba ranar hisabi. Mai tarun, da mai saye, da mai iko da ya gani ya yi shiru, su za a tambaya.