GWAJIN DNA DA NASABAR ƊA: KALMOMIN DA YA KAMATA UWARGIDA TA SANI

 

Yau za ka ji maigida ya fusata ya ce wa matarsa, "Sai an yi wa yaron nan DNA." Maganar da a da sai a rediyo ake jin ta, yanzu waya ta kawo ta har tsakar gida, daga Yelwa zuwa Shanga da ƙauyukan bakin tafkin Kainji. Mace kuwa idan ba ta san hukunci ba, sai kuka da rantse-rantse, alhali Shari'a ta riga ta ba ta garkuwa. To bari mu bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

Mene ne DNA?

Wani tsari ne na halitta da ke cikin jikin kowane ɗan Adam, rabi ya gado daga uwa, rabi daga uba. Wani masani ɗan Ingila mai suna Alec Jeffreys ne ya gano hanyar bambance mutane da shi a 1984. Ana ɗibar jini, ko a goga auduga a cikin kumatu, a kwatanta na yaro da na wanda ake cewa ubansa ne. Ilmi ne mai ƙarfi, ba mu musa ba. Amma mutum ne ke ɗiba, mutum ne ke rubuta suna a kwalba, kuma mutum yana kuskure, yana ha'inci.

Nasaba da firashi

Nasaba ita ce jingina ɗa ga ubansa. A kanta gado yake, da ciyarwa, da walicin aure, da sanin muharrami. Firashi kuma shimfiɗa ce, wato aure. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Abdu ɗan Zam'a (RA) sun yi jayayya a kan wani yaro. Annabi (SAW) ya ga kamannin yaron sun karkata ga ɗan uwan Sa'adu, amma duk da haka ya hukunta shi ga gidan da aka haife shi a shimfiɗarsa. Ki lura da kyau, 'yar uwa, an ga kama, amma ba a bi kama ba.

Haka wani mutum ya zo yana ƙorafin matarsa ta haifi baƙin yaro. Annabi (SAW) ya tambaye shi launin raƙumansa, har ya amsa da bakinsa cewa jan raƙumi kan haifi mai launin toka saboda gadon kakanni. Bai ba shi damar kore ɗan ba. To ina hujjar uwar miji ko kishiya da ke cewa, "Wannan hancin ba na gidanmu ba ne"?

Wata shida da kwantaccen ciki

Malamai sun haɗa ayar Suratul Ahƙaf mai ambaton wata 30 na ciki da yaye, da ayar Suratul Baƙara mai ambaton shekara biyu na shayarwa, suka fitar da cewa mafi ƙarancin ciki wata 6 ne. Amaryar da ta haihu bayan cikar wata shida da aure, ɗan na mijinta ne. Wajen mafi tsawo kuwa, mazhabar Malikiyya ta yarda da kwantaccen ciki har shekara biyar a sanannen zance. Yana cikin hujjojin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta dogara da su ta sallami Amina Lawal a watan Satumba na 2003. Ko dokar shaida ta Nijeriya ta 2011 tana ɗaukar ɗan da aka haifa cikin aure, ko cikin kwana 280 bayan rabuwa, a matsayin ɗan mijin.

Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin mazajenmu masunta da fatake kan yi watanni ba sa gida. Ki riƙe lissafin al'adarki da ranar tafiyarsa da ta dawowarsa. In saki ya auku, ki kiyaye iddarki, kada ki ɓoye ciki.

Ƙazafi da li'ani

Ƙazafi shi ne jifan kamilar mace da zina ba tare da shaidu huɗu ba. Suratun Nur ta yanka masa bulala 80. Miji kaɗai aka ba wata ƙofa, ita ce li'ani: a gaban alƙali ya rantse sau huɗu cewa gaskiya ya faɗa, a na biyar ya kira la'anar Allah a kansa in ƙarya yake. Matar ma ta rantse sau huɗu, a na biyar ta kira fushin Allah a kanta. Daga nan an rabu har abada, ɗa ya bi uwarsa. A Malikiyya, mijin da ya san da cikin ko haihuwar ya yi shiru ba uzuri, ya rasa wannan dama. Ba ya cin naman suna shekara bakwai sannan ya dawo da takardar asibiti.

To ina DNA ya shiga?

Magabata sun san ƙiyafa, wato gane dangantaka ta kamanni. Annabi (SAW) ya yi farin ciki da Mujazziz ya dubi ƙafafun Zaidu da ɗansa Usama ya tabbatar jini ɗaya ne. A kan irin wannan ne majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa ta yi zama a Makka a watan Janairu na 2002. Ta ce bai halatta a kore nasaba da DNA ko a fifita shi a kan li'ani ba, bai kuma halatta a gwada nasabar da ta riga ta tabbata ba. Ta halatta shi idan jarirai sun cakuɗe a asibiti, ko ana jayayya kan yaron da ba a san iyayensa ba, ko yara sun ɓace a bala'i, ko gawa ta gagara ganewa, kuma hukuma ce za ta ba da umarni. Duk wanda ya tuna hatsarin jirgin ruwan Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayu na 2021, da yadda iyalai suka kwana a bakin ruwa suna jiran gawarwaki, ya san amfanin irin wannan ilmi.

Nasiha

Idan miji ya furta wannan magana, kada ki bi shi ɗakin gwaji a ɓoye don ki wanke kanki. Ki sanar da waliyyinki, a je ga malami masani, in ta ƙi a je gaban alƙali. Mu kuma mu ji tsoron Allah: garkuwar nan ba izinin cin amana ba ce, domin an yi gargaɗi mai tsanani ga macen da ta shigar wa mutane wanda ba nasu ba, kamar yadda aka yi ga mijin da ya kore ɗansa yana sane. Sannan mu kame bakinmu a gidan suna da bakin rijiya. Yaron da kika kira da mugun suna bai aikata laifin komai ba, kuma zai tsaya da ke gobe ƙiyama.

Allah Ya tsare mana mutuncinmu, Ya shiryi zuriyarmu, amin. Wassalamu alaikum.