Tazarar Minti Biyu

Ya Ubangiji, gari ya waye lafiya, na gode maka. Na zo gabanka da wani ɗan tunani da ya kwana a raina. Wata doka ce ta tseren keke.

A Afirka ta Kudu, a lardin Yammacin Cape, akwai tseren da ake yi a watan Maris, ana ce da shi Cape Epic. Kevin Vermaak ne ya kafa shi a 2004. Kwana takwas ake yi a kan keke, tafiyar kuwa takan kai kilomita 600 zuwa 700. Kwalta kaɗan ce a ciki. Sauran duk duwatsu ne, da yashi, da tsakuwa, da gefen gonakin inabi, da 'yar siririyar turba wadda keke ɗaya kaɗai take ɗauka. In aka haɗa hawan tudun da ke ciki, yakan kai wajen mita 15,000.

Zakarun duniya suna zuwa. Amma mafi yawan waɗanda ke tsaye a bakin layi da sassafe, tsere ba sana'arsu ba ce. Sha'awa ce ta kawo su. Akwai malamai, da likitoci, da 'yan kasuwa, da iyaye mata. Sun yi watanni suna tashi tun kafin asuba su yi atisaye, sannan su wuce wurin aiki. Hanyar da zakaru suka bi ita za su bi, sai dai su iso bayan sa'o'i, su kwana a ƙaramin tanti, kashegari su sake hawa.

Ga dokar. Mutum ba ya shiga wannan tsere shi kaɗai. Biyu-biyu ake shiga, kowa da kekensa, amma sakamakonsu ɗaya ne. Ba a yarda tazarar da ke tsakaninsu ta wuce minti biyu ba, tun daga tashi har sauka. In aka same su sun rabu fiye da haka, akwai horo. A ƙarshen yini kuma, ba a tsayar da agogonsu sai na biyun ya tsallaka layi.

Sai na biyun ya tsallaka. Nan zuciyata ta tsaya, ya Ubangiji.

Ba haka wasan tseren keke a kan duwatsu ya faro ba. A 1976 wasu matasa a gundumar Marin ta Kalifoniya suka fara tseren gangarowa daga kan tudu a kan tsofaffin kekuna, ɗaya bayan ɗaya, kowa da lokacinsa. Birki yakan yi zafi har man da ke cikinsa ya ƙone. Da wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996, mutum ɗaya ake rataya wa zinariya. Yawancin tsere haka yake. Rayuwa ma haka aka saba nuna mana ita, kowa tasa ta fisshe shi.

Sai ga tseren da ya ce ƙarfin mai ƙarfi ba zai amfane shi da kome ba, sai ya iso da abokinsa.

Ni ma ina hawan keke don sha'awa, a turbobin bayan gari, na kuwa san abin da tudu yake yi wa ƙafa. Da farko numfashi ne yake gajarta. Sai ka sauke giya, ka sake saukewa, har ka kai ta ƙarshe, babu sauran inda za ka sauka. Tayar baya tana zamewa a kan tsakuwa. Ƙura ta cika maƙogwaro. Yashi ya kama tayar gaba yana neman kayar da kai. In gangara ta zo, ba hutu ba ce, yatsu ne za su sage a kan birki. Ga ƙaya tana jiran taya.

Wannan na yini ɗaya ne. Su kuwa kwana takwas suke yi. A kwana na huɗu ko na biyar, zama a kan sirdi kansa azaba ne, ciki kuma ya fara ƙin abinci.

A cikin mutum biyu, dole ɗaya ya fi ɗaya rauni a wannan rana. Ina tunanin wannan na bayan. Yana ganin bayan abokinsa yana ɗan nisa, yana ƙara nisa. Ya san saboda shi ake rage gudu. Mukan ce sannu ba ta hana zuwa, amma a nan kowane yini da wa'adinsa, wanda ya wuce wa'adi ya fita daga lissafi. Don haka tsoronsa biyu ne. Yana tsoron tudu, yana kuma tsoron ya zama nauyi.

Na biyun ya fi ciwo.

Abokinsa zai waiwayo ya ce, “Yaya dai?” Shi kuma ya ce, “Ba kome, mu je.” Alhali akwai kome. Ya cije, ya taka fiye da ƙarfinsa don kada a gane. Ya wuce lokacin shan ruwa don kada a tsaya dominsa. Bayan sa'a guda jijiyar cinya ta ɗaure, ƙafa ta ƙi juyawa, sai a gan shi zaune a kan dutse. Jinkirin da ya ƙi yi na minti biyar ya koma na sa'a guda.

Waɗanda suka daɗe a harkar sun san wannan sarai. Mai rauni ne yake tsara gudu, kuma aikinsa na farko shi ne ya faɗi gaskiyar jikinsa da wuri. Ya ce, “Rage kaɗan.” Kalma biyu ce, amma tana da wuyar fita daga bakin mai kunya.

Ya Ubangiji, na san wannan kunya. Zuciyata takan so ta zo gabanka a shirye, da fuska wankakkiya, da “ba kome” a baki. Takan ɗauka kana can saman tudu, ka sa ƙafa ɗaya a ƙasa, kana duban agogo. Takan ɗauka sai na taka da ƙarfi na cim maka, sannan mu yi magana.

Amma ba a saman tudu kake ba. Kana nan gefena, inda tsakuwa take zamewa.

Ina so in duba abin da mai ƙarfi yake yi, in abokin kirki ne. A fili, inda iska ke bugowa, yakan shiga gaba ya tare ta da ƙirjinsa. Na bayan ya matso dab da tayarsa, sai ya ji wahalar ta ragu, ko da yake gudun bai canza ba. Yakan karɓi famfo da kayan faci ya zuba a aljihunsa. A wurin shan ruwa shi ne zai ruga ya cika gorunan biyu, don ɗan'uwansa ya sami numfashi. A gangara mai duwatsu yakan wuce gaba ya zaɓi inda taya za ta bi, na bayan kuwa ya kafa ido a kan tayarsa, ya bi sawu. Ba sai ya ga dukan gangaren ba. Tayar da ke gabansa ta ishe shi.

Sai kuma hannu. A doguwar hawa, mai ƙarfi yakan dawo gefen abokinsa, ya riƙe kan kekensa da hannu ɗaya, ya ɗora ɗayan a bayan ɗan'uwansa, ya tura. Dokar tseren ta yarda da wannan. Abin da ta hana shi ne a ɗaura igiya a ja.

Na daɗe ina juya wannan bambanci. Mai jan igiya yana iya zama can gaba, fuskarsa a wani wuri, bai ma san halin da na baya yake ciki ba. Mai tura da hannu kuwa dole ya matso. Kafaɗa kusa da kafaɗa. Yana jin zafin bayan abokinsa a tafin hannunsa, yana jin yadda numfashinsa yake fita. Yana ɗaukar nauyin biyu da ƙafafunsa, a kan hanyar da hannu biyu ma da ƙyar suke riƙe keke.

Shi kuma wanda ake turawa, ƙafarsa ba ta daina juyawa. Yana takawa da ɗan abin da ya rage masa. Tudun bai ragu ba, bai kuwa sauka daga keke ba. Sai dai yanzu yana hawa.

Sau da yawa igiya nake roƙonka, ya Allah. Ka ja ni ka fitar da ni daga wannan wuri, in buɗe ido in gan ni a sama. Kai kuwa hannu kake miƙowa. Yau na fara ganin cewa hannun ya fi, domin a cikinsa kai kanka nake samu.

Akwai masu ƙin hannun. Suna jin tafin abokinsu a baya, sai su ce, “Bari, zan iya.” Na fahimce su. Ana kallo, wasu masu tsere suna wucewa, kowa zai san wane ne ake turawa. Amma ƙin hannun ba ya taimakon abokin. Lokacinsu ɗaya ne. Wanda ya karɓi taimako, su biyun ya yi wa alheri. Mai ƙarfi bai zo don ya nuna ƙarfi ba, tun ranar da ya sa hannu a takarda ya san da wa zai yi tafiya.

Kai ma ka sani. Ka san nauyin ƙafata tun ban hau ba. Ka san tudun da zan tsaya a kansa, da ranar da ciki zai ƙi abinci. Babu alƙalin wasa da ya kafa maka dokar minti biyu. Babu mai yi maka horo in ka wuce ka bar ni. Alherinka ne kaɗai ya ɗaure ka da ni, kai ne kuma ka ɗaura da kanka.

To me zan ɓoye maka? Wa nake yi wa “ba kome”?

A nan misalin ya gaza, gara kuma da ya gaza. Abokin tafiya na ɗan Adam shi ma jiki ne. Yau shi ne mai ƙarfi, gobe shi ake turawa. Yana iya faɗuwa ya karya ƙashin kafaɗa, yana iya kwana da ciwon ciki ya kasa tashi. A wannan tsere, in ɗaya ya fita, ɗayan yana iya ci gaba, amma ba a ƙara lissafa su a matsayin biyu. Christoph Sauser na Siwizalan da Burry Stander na Afirka ta Kudu sun ci tseren tare a 2011, suka sake ci a 2012. A watan Janairu na 2013 mota ta buge Stander yana atisaye a kan titi, ya rasu yana da shekara 25. Da Maris ya zo, Sauser ya hau tare da wani abokin, da sunan Stander a kan ƙungiyarsu. Sun ci. Amma wanda ya saba jin numfashinsa a gefensa ba ya nan.

Ina tausayin duk wanda ya taɓa waiwayawa ya ga babu kowa. Wasu daga cikinmu haka suka tashi da safen nan. Ka kusance su, ya Ubangiji.

Kai ba ka gajiya. Ba ka faɗuwa. Babu ranar da zan tashi a ce mini abokin tafiyata ya fita daga tsere. Ba ma musayar wuri, ni da kai, kullum ni ne na bayan. Da can wannan yakan dame ni. Yanzu ina jin hutu a cikinsa, domin ba a jira in zama mai ƙarfin ba.

Zuciyata tana koyo, sannu a hankali. Tana koyon ta yi magana tun ƙafa ba ta ɗaure ba. Tana koyon cewa “na gaji” ma addu'a ce, kuma kana jin ta. Tana koyon ta bar lissafin tudun gobe da na jibi, ta dubi tayar da ke gabanta. In ta ji hannu a baya, kada ta zame.

Ban san abin da yinin nan ya ƙunsa ba. Akwai aikin da nake tsoro, akwai maganar da nake ta ɗagawa, akwai wanda zan fuskanta da ban san da wace fuska zai karɓe ni ba. Ka riga ka ga hanyar.

Ga gaskiyar jikina tun da safe, ya Ubangiji: ƙarfina kaɗan ne yau. Ka shiga gabana inda iska take, ka dawo gefena inda tudu yake. Ka ba ni bakin da zai ce “rage kaɗan” ba tare da kunya ba, ka ba ni kuma ƙafar da za ta ci gaba da juyawa sa'ad da kake turawa. In kuwa ka haɗa ni yau da wanda ya fi ni gajiya, ka sa in waiwaya tun bai kira ni ba. Amin.