Wa Zai Zauna Kusa da Shi?

A shekarar da na shiga kwaleji akwai wani yaro a ajinmu da aka kawo daga ƙauye, yana da in'ina. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yau magidanci ne da 'ya'yansa. Duk ranar da malami ya tashe shi karatu sai kalma ta maƙale masa a baki, ya yi ta maimaita harafin farko, gumi na keto masa. Yara uku ne suka laƙa masa suna Babur, wai ya ƙi tashi sai an tura. Su ne ke ɓoye masa takalma, su zuba masa ƙasa a jaka, su tare shi bayan an tashi. Mu sauran, mu fiye da arba'in, namu dariya.

Ban taɓa dukan yaron nan ba, ban kuma taɓa kiransa Babur a gabansa ba. Na daɗe ina wanke kaina da wannan. Sai da na girma na tuna cewa benci ɗaya aka ba mu, kuma a mako na biyu na kwashe littattafaina na koma baya, don kada a ce ni abokin Babur ne. Har yau ina ganin yadda ya kalli gurbin da na bari, bai ce uffan ba.

Wanda ya sauya masa zaman makaranta wani ɗalibi ne na ajin ƙarshe da suke unguwa ɗaya. Bai yi faɗa da kowa ba, bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya riƙa tsayawa a bakin ƙofa idan an tashi, ya kira shi da sunansa na yanka da ƙarfi kowa na ji, su jera zuwa gida. Da yamma ya ja shi filin ƙwallo ya sa shi a raga. Ashe yaron gwanin tsaron gida ne. Kafin ƙarshen zangon karatu dariyar aji ta ragu, yaran nan uku kuma suka fara jin kamar su kaɗai ke rawa an daina kiɗa.

Abin da wannan ɗalibi ya yi da hankalin kansa shi ne yau makarantu a ƙasashe da dama ke shiryawa da gangan: a zaɓi wasu ɗalibai, a horar da su, su zama jagorori kuma abokan sirri ga yaran da ake ci wa zali. Tambayar da ke damuna ita ce, shin adalci ne a ɗora wa yaro kayan da manya suka kasa ɗauka? Idan kuwa adalci ne, ina iyakarsa?

Mu fara da raba tsakanin wasa da cin zali, domin a nan mutanenmu ke fakewa. Mu al'umma ce mai barkwanci. Bafulatani da Babarbare su haɗu a kasuwa su yi ta caccakar juna, Bagobiri da Bayarbe haka, ɗan mace da ɗan namiji haka, a rabu ana dariya. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan taubasai na Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Amma wasan taubashi yana da doka: in ka faɗa, a faɗa maka, kuma kowa ya san ba a tsallake wani layi. Masanin halayyar ɗan Adam Dan Olweus, wanda ya fara nazarin wannan matsala a ƙasashen arewacin Turai tun shekarun 1970, ya kafa alamu uku na cin zali: a yi shi da niyyar cutarwa, a riƙa maimaita shi, kuma a samu fifikon ƙarfi, ta yadda wanda ake yi wa ba zai iya ramawa ba. Yaron ajinmu ba shi da bakin ramawa. Saboda haka abin da muka kira wasa, a wurinsa azaba ce ta kullum.

Kada kuma mu ɗauka ƙaramin abu ne. A ƙarshen 1982 yara maza uku a arewacin ƙasar Norway suka kashe kansu bayan doguwar tsangwama daga 'yan makarantarsu, abin da ya sa ƙasar ta ƙaddamar da yaƙi da cin zali a dukan makarantunta a 1983. Rahoton UNESCO na 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya an ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci tambayar. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kusa rabi. Ka shiga kowane aji ka raba shi biyu a ranka, sannan ka sake tunani a kan maganar nan tamu ta "ai yara ne, za su daina".

To me ya sa sai tsara? Me zai hana malami ko uba ya kashe wutar? Amsar tana cikin irin abin da ake ƙwacewa daga yaro. Duka yana warkewa, takalmi ana sayen wani. Abin da ya fi ciwo shi ne a cire ka daga cikin mutane, ka zama wanda ba a zama kusa da shi, ba a zaɓarsa a wasa, ba a cin abinci da shi. Wannan matsayi tsararraki ne suka karɓe, su ne kuma kaɗai ke da shi a hannu da za su mayar. Malami zai iya hukunta mai laifi, amma ba zai iya umartar yara su so wani ba. Uwa za ta rarrashi ɗanta da dare, amma ba ita ke shiga aji da safe ba. Hausawa sun ce abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa, kuma yaro ya fi sakin baki ga wanda bai daɗe da fita daga irin halin da yake ciki ba.

Bincike ya ƙarfafa wannan. A 1996 Farfesa Christina Salmivalli ta Jami'ar Turku a ƙasar Finland da abokan aikinta suka nuna cewa cin zali ba harka ce ta mutum biyu ba. Bayan mai yi da wanda ake yi wa, akwai 'yan kanzagi masu tayawa, akwai masu zugawa da dariya da shewa, akwai 'yan ba-ruwanmu, sannan akwai 'yan tsiraru masu karewa. Mai cin zali suna yake nema, kuma 'yan kallo ke biyansa. Wani nazari da aka yi a filayen wasan makarantun firamare na birnin Toronto a Kanada, aka wallafa a 2001, ya gano cewa akwai wasu yara a wurin a kusan duk lokacin da ake cin zali, amma da wuya su sa baki. Idan kuwa suka sa, a kashi 57 cikin 100 na lokutan abin yana tsayawa cikin daƙiƙa goma. A Amurka ma, Elizabeth Paluck da abokanta sun gwada wani shiri a makarantu 56 na jihar New Jersey, inda aka bar ɗalibai su jagoranci yaƙi da rikici da bakinsu da salonsu. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna ƙararrakin rikici sun ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu a shekara guda, kuma tasirin ya fi ƙarfi inda aka samu yaran da 'yan uwansu ke sa wa ido suna koyi da su.

Da na tsaya nan, da na yi wa mai karatu rabin gaskiya. A 2011 masana biyu na Jami'ar Cambridge, Maria Ttofi da David Farrington, suka tattara sakamakon shirye-shiryen yaƙi da cin zali 44. Sun ga shirye-shiryen suna aiki, suna rage matsalar da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Amma sun ga wani abu mai tayar da hankali: shirye-shiryen da suka jingina ga aikin tsara, kamar sa yara sulhunta rikici, sun zo tare da ƙaruwar waɗanda ake ci wa zali. Masana sun yi ta muhawara a kan dalili, amma gargaɗin a fili yake. Kyakkyawar niyya ba ta isa ba.

Ina ganin hanyoyi uku da abin ke lalacewa. Ta farko, a mai da yaro alƙali. Idan ka zaunar da mai cin zali da wanda ya zalunta a gaban ɗan shekara goma sha huɗu ka ce ya sasanta su, ka ɗauke su tamkar 'yan kokawa biyu masu ƙarfi ɗaya, alhali ɗaya kura ce ɗaya akuya. Mai rauni zai ce ya yafe don tsoro, a fita waje a ninka masa. Ta biyu, a ba yaro sanda. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san yadda manyan ɗalibai da aka naɗa don tsare ƙanana ke komawa su ne dodanninsu: wanki, ɗibar ruwa, ƙwace abinci. A tsangaya ma, gardi na gari shi ne gatan kolo, ya rubuta masa allo, ya raba lomarsa da shi. Mugun gardi kuwa shi ne abin da kolo ke mafarki da shi ya farka yana kuka. Muƙami ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne ko akwai malamin da ke sa ido. Ta uku, a bar yaro da sirrin da ya fi ƙarfinsa. Yarinya ta gaya wa ƙawarta cewa ana yaɗa hotonta a WhatsApp, ta gaji da duniya, ta ce kada ki gaya wa kowa. Idan ba a koya wa ƙawar nan cewa akwai sirrin da riƙe shi cin amana ne ba, an jefa yara biyu cikin rijiya maimakon ɗaya.

Shirin KiVa na Finland, wanda Salmivalli da abokanta suka fara ginawa a 2006 aka kuma baza shi a makarantun ƙasar daga 2009, ya fahimci wannan rabon aiki. Idan aka samu labarin cin zali, wani ƙaramin kwamitin manya na makarantar ne ke ɗaukar maganar: su gana da wanda aka zalunta, su gana da masu laifi, su sake dawowa bayan ɗan lokaci su duba ko an daina. Shi kuma malamin aji sai ya keɓe wasu 'yan ajin da ake ganin girmansu, ya roƙe su su ja yaron a jiki. Hukunci da bincike na manya, zama tare da abota na yara. Kowa da nasa kayan, daidai wuyansa.

A nan nake samun amsar tambayata. Adalci ne a nemi yaro ya tsaya wa ɗan uwansa, domin abin da ake nema a wurinsa yana da shi, kuma hakki ne a kansa kamar yadda yake a kan kowane mai hankali. Yara ba su yi ƙanƙanta da ɗaukar nauyin ɗabi'a ba. Wanda ya isa ya yi dariyar mugunta ya isa ya ƙi yin ta. Addinin Musulunci ya umarci mutum ya taimaki wanda aka zalunta, ya kuma taimaki azzalumi ta hanyar riƙe masa hannu, kuma ba a ce sai mai gemu ba. Amma zalunci ne a tura yaro gaba manya su noƙe a baya. Makarantar da ta naɗa ɗalibai jagorori don malamai su huta ta ƙara yawan waɗanda za a cuta ne kawai. Dole jagoran ya san wane babba zai je wurinsa, a wane lokaci, kuma ya tabbata in ya je za a saurare shi, ba za a tona shi ba. Dole a zaɓe shi saboda halinsa da yardar 'yan uwansa, ba don ƙarfin damtse ko don ɗan wane ne ba. Dole kuma a bar masa ƙofar cewa na gaji.

Wani zai ce mu da ajinmu ke ɗauke da yara tamanin, malami ɗaya, albashi na jinkiri, ina muka ga halin kwaikwayon Finland? Gaskiya ne ba mu da kuɗinsu. Amma wannan aiki ba ya cin siminti ko kwano. Malami ɗaya mai amana, sa'a guda a mako, da ɗalibai shida ko takwas da aka koya wa abu uku: ka saurara ba tare da dariya ba, kada ka rama da duka, ka san abin da dole ka kai gaba. Muna ma da harsashin a al'adarmu: yaya da ƙane, uwar ɗaki da 'yar ɗaki, ƙawance da amintaka. Abin da ya rage shi ne a juya wannan dangantaka ta fuskanci wanda aka ware, maimakon ta tsaya ga wanda dama yana da gata.

Shekarun baya na haɗu da abokin bencina a tashar mota. In'inarsa ta ragu sosai. Muka gaisa, muka tambayi iyali, ya ambaci ɗalibin nan na ajin ƙarshe ya yi ta sa masa albarka. Na tattara ƙarfin hali na ce masa ya yafe mini tashin da na yi daga kusa da shi. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce ya yafe, amma bai manta ba, domin ranar ce ya san babu wanda zai zo. Bai ambaci sunan ko ɗaya daga cikin yaran nan uku ba.

Idan kana da ɗa ko 'ya a makaranta, yau da dare, bayan ka tambayi sakamakon jarrabawa, ka ƙara tambaya ɗaya: wane ne a ajinku ke zama shi kaɗai? Yaronka ya san amsar. Sai ka tambaye shi ina zai zauna gobe.