Aikin Jinya ko Harhaɗa Magunguna: Wanne Zan Zaɓa?

Karatu: Luka 10:25-37, Romawa 12:3-8, Karin Magana 11:1

Ya ku 'yan'uwa cikin Kristi, a ekklesiyoyinmu na garin Lafiya da kewaye akwai samari da 'yan mata da yawa waɗanda suke marmarin aikin asibiti. Sa'ad da lokacin cika takardar JAMB ya yi, sai gardama ta tashi a gida: jinya ko harhaɗa magunguna? Uba ya ce wannan, uwa ta ce wancan, yaron kuwa ya rasa tudun dafawa. Jarrabawar ba ta raba gardamar, gama Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks su ne mabuɗin ƙofofin nan biyu. Saboda haka bari mu nemi haske daga Maganar Allah.

1. Abin da Basamariyen ya yi

Ku lura da ayoyi 34 da 35 na karatunmu na fari. Basamariyen ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan mutumin, watau ya yi masa magani irin na zamanin. Ya kuma ɗaure raunukan, ya ɗauke shi, ya kwana yana lura da shi, watau ya yi jinyarsa. Da gari ya waye sai ya danƙa shi ga mai masauki tare da dinari biyu. A Helenanci, kalmar da Luka ya mora domin kulawar Basamariyen ita ce kuma ya mora domin kulawar da aka roƙi mai masaukin ya yi. Ashe, jinƙai ɗaya ne, amma ya wuce ta hannu fiye da ɗaya. Luka kansa likita ne, ya san wannan sarai. Don haka kada wani ya ce ɗaya aikin ya fi ɗayan tsarki. Bambancinsu yana cikin irin nauyin da kowanne yake ɗora wa mai yinsa.

2. Nauyin mai jinya

Mai jinya yana ba da jikinsa. Shi ne yake tsaye da dare sa'ad da kowa ya yi barci, shi ne yake wanke gyambo, yana juya wanda ba ya iya juyawa, shi ne kuma yakan fara ganin numfashi ya canja.

A watan Janairu 1969 wata nas ta mishan, Laura Wine, ta kamu da zazzaɓi mai zafi a garin Lassa, a ƙasar Borno. Aka kawo ta asibitin mishan na SIM a Jos, can ta rasu. Nas Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, tana da ɗan yanka a yatsa; ita ma ta kamu, ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, ta yi jinyar su biyun, ta kwanta, aka kai ta Amurka, ta warke, daga baya kuma ta komo bakin aikinta a Jos. Ta haka duniya ta san cutar da ake kira zazzaɓin Lassa, wadda har yau takan ɓulla a Jihar Nasarawa da rani. Wanda zai zaɓi jinya, sai ya san wannan tun da fari. Safar hannu da wanke hannu da dokokin kariya wajibi ne, duk da haka aikin ba ya yiwuwa daga nesa.

Jarabar mai jinya kuwa gajiya ce, gajiya kuma takan haifi kaushin baki. Sau nawa mace mai naƙuda ta sha tsawa a wurin da ta zo neman taimako?

3. Nauyin mai harhaɗa magunguna

Shi kuma yana ba da amincinsa. Mara lafiya ba ya iya gwada ƙwayar da aka miƙa masa. Haɗiyewa yake yi bisa ga amana. A shekara ta 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan sun sha farasitamol na ruwa, domin an haɗa shi da wani ruwan masana'anta mai lalata ƙoda maimakon ruwan da ya dace. Iyayen ba su yi sakaci ba, da hannunsu suka ba 'ya'yansu, suna sa zuciya ga warkewa. A 1993 aka kafa hukumar NAFDAC. Dora Akunyili, wadda ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008, masaniyar harhaɗa magunguna ce, ta yaƙi jabun magani har aka nemi ranta da bindiga a 2003.

Karin Magana ta koya mana cewa Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin algus. Babu inda wannan ya fi nauyi kamar a teburin magani, gama maganin da ya ishi babba yana iya kashe jariri. Jarabar wannan aiki riba ce: a sayar wa saurayi taramol ba da takardar likita ba, ko a rufe ido ga maganin da kwanansa ya wuce. Ba a banza Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin a 2018 ba.

4. Yadda za ka gwada kanka

Manzo Bulus ya gargaɗi Romawa kada kowa ya ɗauki kansa fiye da yadda yake, sai dai ya auna kansa da natsuwa, gama baye-bayenmu sun bambanta. To, ka auna da gaskiya. Sa'ad da kakarka ta kwanta, kai ne ka zauna kusa da ita, ko kuwa kai ne ka karanta takardar maganin, ka lissafta sa'o'in shansa? Kana iya jure jini da wari da kukan mutane? Kana iya zama da lissafi da Kemistiri shekara da shekaru, ka sake duba abu sau uku ba tare da ƙosawa ba? Kafin ka cika takarda, ka nemi Kirista ɗaya mai kowane aikin, ka roƙe shi ya gaya maka abin da ya fi masa wuya.

Ka lissafta kuɗin kuma, kamar mai shirin gini. Akwai kwalejin koyon jinya da ungozoma a nan Lafiya; digirin jinya a jami'a kuwa shekara 5 ne. Harhaɗa magunguna sai a jami'a, kamar ta Jos ko ta Ahmadu Bello a Zariya, shekara 5 ko 6, sa'an nan shekara guda ta horo kafin cikakkiyar rajista. Buɗe kemis a bakin kasuwa wani abu ne dabam, kada a ruɗe ka.

5. Magana ga iyaye

Ku iyaye, kada ku tura 'yarku jinya domin kun ji ana ɗaukar nas a Ingila, kada kuma ku tura ɗanku magunguna domin kuna hangen kanti. Albashi halal ne, ma'aikaci ya cancanci ladansa. Amma wanda aka cusa cikin aikin da ba baiwarsa ba, marasa lafiya ne za su biya bashin. Kada kuma ku ce jinya ta mata ce kaɗai. Basamariyen namiji ne.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne ayyuka Basamariyen ya yi da hannunsa, wanne kuma ya danƙa wa wani?
2. Wace jaraba ce ta fi kusa da kai, kaushin baki ko son riba?
3. Ta yaya ekklesiyarmu za ta taimaki ɗalibin da yake da baiwa amma ba shi da kuɗin makaranta?

Addu'a

Ya Ubangiji, Kai da ka san 'ya'yanmu tun suna ciki, ka nuna wa kowannensu baiwarsa. Ka ba masu jinya haƙuri, ka ba masu auna magani aminci, ka kiyaye su duka daga cuta da kwaɗayi. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.